Safar da Ta Dawo

Ka ce musu shekarunka sha tara.
Ni da na ga ranar da aka yanke maka cibi
ina tsaye bayan taga a ofishin Kadina,
ina jin ƙarya tana fita daga bakinka
ko tuntuɓe babu.
Sha bakwai ne, Hedley. Sha bakwai da wata huɗu.
Saje ya dubi kafaɗarka,
wadda buhunan alkama suka faɗaɗa,
bai ƙara tambaya ba.

Hular da suka ba ka, mai naɗaɗɗen gefe guda,
ta yi maka yawa, ka cusa mata jarida.
A bakin ruwan Adelaide
ka jefo mini jan zaren takarda,
ni da baki ɗaya, kai da ɗaya.
Jirgi na ja, zare na miƙewa,
sai ya tsinke.
Guntun na nan cikin Littafin Baba, wajen Zabura.

Wasiƙarka ta Masar duk yashi ce da ƙuda.
Ka hau raƙumi, ka ce alfadarin Kawu Jabez ya fi shi ladabi.
Ta Faransa kuwa gajeruwa:
"Thirza, ruwa ake kamar an huda sama.
Da yana shiga ambulan
da na cika muku tankin bayan gida.
Ƙafata ba ta bushewa. Saƙa mini safa.
Kada Mama ta ji."

Mama ba ta ji ba.
Na warware tsohuwar rigar sanyin Baba,
na saƙa da dare, fitila na hayaƙi.
Ɗaya ta fi ɗaya tsawo da yatsa biyu
don barci ya sace ni tsakiyar ƙidaya.
Na ce ai za ka yi dariya.
Na aika haka.

A shekarar nan ba mai son ganin fasto a ƙofarsa.
In kekensa ya shigo layi
sai mata su saki labule, kowa na roƙo ya wuce gaba,
wato ya tsaya gidan maƙwabciya.
Ni ma na yi wannan roƙon, sau uku aka amsa mini.
Ran na huɗu muna tsakar girbi,
ya jingine keken a shingenmu,
ya cire hula tun daga nesa.

Flers, in ji takardar. Ba mu iya faɗarsa ba.
Clem Rowse, da ya dawo da hannu ɗaya,
shi ya koya mana sunan,
shi ya ce shayi kake kai wa 'yan ramin gaba,
garwa biyu, taɓo har cinya,
kana zagin taɓon kana dariya.
Sai ƙara.
"Bai ji komai ba," in ji Clem,
idonsa a kan takalminsa.
Mama ta tambayi kabari.
Ya ce taɓon wurin ba ya mayar da abin da ya karɓa.

Bayan wata biyar ƙunshina ya dawo,
igiyar da na ɗaure ba wanda ya kwance,
an ja layi a kan sunanka da fensir shuɗi.
Ya je Faransa ya komo, kai ba ka komo ba.

Baba bai yi kuka a coci ba,
bai yi ba ran da aka sassaƙa H. PENHALE a dutsen gari.
Amma da sanyi ya shigo, wata asuba,
na same shi a bakin murhu
ya sa gajeruwar a ƙafar dama,
doguwar na hannunsa, yana juya ta,
yana neman inda kuskuren ya fara.

Ban nuna masa ba.
Na ɗora ruwan shayi.
A waje an soma yayyafi,
yana buga tankin da har yau bai cika ba.